Murar da Ta Ƙi Tafiya: Tarihin Hanci da Ƙurar Damagaram

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gouna, cikin gundumar Mirya, na taɓa koyar da wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya wanda ƴan aji suka laƙaba wa suna Sakin-baki. Kullum bakinsa a buɗe yake, leɓɓansa a tsattsage, hannun rigarsa har ƙyalli yake yi saboda share majina. Kafin ƙarfe goma na safe ya fara gyangyaɗi. In na ce ya tashi ya yi karatu sai muryar ta fito a cushe, ƴan aji su kwashe da dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya yi gum. Na aika aka kira mahaifinsa. Ya ce mini, "Mushe, ai mura ce, sanyin hunturu ne. Bari zafi ya shigo ka gani." Zafi ya shigo, damina ta sauka, aka yi girbi, muka koma aji a watan Oktoba, mura tana nan inda muka bar ta. Ni kaina na daɗe ina rubuta masa "ba ya mai da hankali" a takardar sakamako kafin in gane cewa yaron bai taɓa samun cikakken barcin dare ba tun da na san shi.

Mura ta yau da kullum kwana bakwai ce zuwa goma. Idan toshewar hanci ko zubar majina ta kai mako goma sha biyu ba ta ɗaga ba, ga nauyin fuska ko raguwar jin ƙamshi, ko tari idan yaro ne, to likitoci sun daina kiran ta mura. Sunanta kumburin kogwannin hanci mai naci, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke ce wa sinizit. Tambayar da ta dame ni ita ce yadda aka yi wannan ciwo ya zauna da mu ƙarni bayan ƙarni, a ƙasar da ƙura ke rufe rana wata uku ko huɗu duk shekara, amma har yau sunansa a gidajenmu "ai mura ce".

Laifin ba na iyayenmu ba ne su kaɗai. Manyan likitocin duniya sun shafe kusan shekara 1,500 suna zaton majina daga ƙwaƙwalwa take zubowa. Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, ya koyar cewa ƙwaƙwalwa tana tace dattinta ta wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya da ke rufin hanci. Likitocin Musulmi sun gaji wannan fahimta, suka kira abin da ya zubo ta hanci zukam, wanda ya gangara maƙogwaro kuma nazla. Sai dai idonsu ya kama abubuwan da suka wuce abin da suka gada. Al-Razi, wanda ya rasu a 925, ya rubuta ƴar maƙala kan wani malami da mura ke kamawa duk shekara lokacin da furen wardi ke buɗewa, kuma ana lissafa ta cikin bayanan farko da aka yi kan abin da yanzu ake ce wa alaji. Al-Zahrawi na Ƙurɗuba, a littafinsa Al-Tasrif, ya bayyana yadda ake ciro tsiron nama daga hanci: a jawo shi da ƙugiya a yanke, abin da ya rage can ciki kuma a zura zare mai ƙulli-ƙulli ta hanci a fito da shi ta baki, a yi ta ja gaba da baya har ya goge shi. Mai karatu ya tuna babu allurar kashe zafi a lokacin. Ibn Sina kuwa ya kamanta wannan tsiro da basir, har ake kiran sa basir ɗin hanci, sunan da nake ganin Bahaushe zai fi saurin ganewa fiye da duk wanda aka ƙirƙiro bayansa.

Sai a tsakiyar ƙarni na 17 aka gyara kuskuren. A 1651 wani likitan Ingila, Nathaniel Highmore, ya yi cikakken bayanin kogon da ke cikin ƙashin kumatu. A 1660 kuma Conrad Schneider na Wittenberg a Jamus ya nuna cewa ƙashin nan mai kama da rariya ba ya yoyo daga ƙwaƙwalwa, tantanin da ya shimfiɗe cikin hanci shi ke yin majinar da kansa. Kogwannin takwas ne, huɗu dama huɗu hagu: na kumatu, na tsakanin idanu, na goshi, da na can baya a gindin ƙoƙon kai. Da na kumatu da na tsakanin idanu ake haihuwar jariri, na goshi kuwa ba ya bayyana sosai sai yaro ya kai shekarun shiga makaranta, ya ci gaba da girma har balaga. Kowanne yana buɗewa cikin hanci ta ƴar kafar da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Kafar na kumatu ma a sama take, tamkar randar da aka huda kusa da baki, wato duk abin da ya taru a ciki sai ya yi hawa kafin ya fita. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To mu dawo gida, mu ga irin iskar da wannan tantani ke fama da ita. Masarautar Damagaram ta kafu ne wajajen 1730, a kan hanyar da iskar hunturu ke bi tun kafin a yi sarki ko ganuwa. Kimanin kilomita dubu arewa maso gabas da mu, a arewacin Chadi, akwai wani kwari da ake kira Bodele, gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe. Ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, mafi yawanta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru shekaru dubbai. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta ɗebi wannan gari ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, har wata takan tsallake teku ta sauka a dazukan Amurka ta Kudu. Hazon da ke wayar mana da gari fari fat a Janairu, ya kwanta a kan tabarma da gashin ido, kaso mai yawa nasa daga can ya taso.

Lokacin hazon shi ne kuma lokacin fatauci. Ayarin gishiri na Abzinawa cikin hunturu yake saukowa, kuma da irin wannan ayari Baturen Ingila James Richardson ya iso Damagaram a Janairun 1851. Heinrich Barth ma a ƙarshen Disambar 1852 ya shigo, ya zauna har ƙarshen Janairu. Mutanen ayari sun san maganin hanya: rawani da amawali. Na san amawali yana da ma'anar kunya da martaba, ba don ƙura kawai ake ja shi ba, amma duk wanda ya taɓa kwance rawani bayan tafiyar yini ya ga launin da yadin ya koma ya san aikin da ya yi. Abin lura shi ne wa ke da amawali. Manya maza ne. Macen da ke shiƙa a bakin rumbu, da yarinyar da ke hura wutar kara a madafa, da almajirin da ke karatun dare a gaban wutar tsangaya, hancinsu a buɗe yake ga ƙura da hayaƙi, jiya da yau.

Akwai wata kariya ta biyu da masarauta ta bari, ko da ba don hanci aka yi ta ba. Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma yi mulki har 1884, ana ba da labarin tsananin hukuncin da ya ɗora wa mai saren gawo. Gawo itace ne mai halin kansa: yana zubar da ganye da damina, ya yi lif da rani. Ke nan daidai lokacin da iska ke ɗibar ƙasar gona, shi ne ke tsaye da ganye yana rage mata ƙarfi. Hazon Bodele daga sama yake zuwa, gawo ba ya tare shi. Amma ƙurar gona da ta hanya, wadda ke tashi daga ƙarƙashin ƙafafunmu, ita kam itatuwa suna rage ta.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma daga 1911 zuwa 1926 birnin ne hedkwatar mulkinsu a Nijar kafin a mayar da ita Yamai. Likitancin da suka zo da shi na soja ne, an gina shi don kare barikoki da ƴan ƙwadago da masu biyan haraji. Abin da ya dame shi annoba ce: agana, ciwon barci, kuturta, sanƙarau. Ayarin ma'aikatan lafiya kan sauka a gari, a tara jama'a a layi, a duba, a yi lamba, a wuce. Ba na raina wannan aiki, ya ceci rayuka masu yawa, kuma da irinsa aka kawar da agana daga duniya. Amma tsari ne da ya iya ƙidaya gawa, bai iya ƙidaya wahalar mai rai ba. Ciwon da ba ya kisa, ba ya yaɗuwa, ba ya hana mutum ɗaukar kaya, ba shi da gurbi a rajista. Mun karɓi ƴanci a 1960 muka gaji rajistar yadda take.

Abin mamaki, babbar annobar ƙasarmu ta hanci take shiga. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana abin da ake kira zirin sanƙarau, yankin da ya ratsa Afirka kudu da Sahara, kuma Damagaram a tsakiyarsa take. Ƙwayar sanƙarau tana iya zama a bayan hancin mutum mai lafiya ba ta yi masa komai ba. Cutar kan tashi ne da rani, ta lafa da saukar ruwan farko. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a Disambar 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna, ko da yake wani nau'in ya sake tasowa a jihar Damagaram a ƙarshen 2022. Bayanin da masana suka fi karkata a kai shi ne, busasshiyar iska mai zafi da ƙura suna raunana tantanin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara ɗari muna farautar ƙadangaren, da wuya ka ji an yi maganar bangon.

Shi kuwa bangon ƙara shan wuya ya yi. Farin 1972 zuwa 1974, da na 1984 wanda mutanenmu ke kira El-Buhari, sun bar ƙasa tsirara. Tashoshin auna yanayi na Sahel sun nuna ranakun ƙura sun ƙaru ƙwarai daga ƙarshen shekarun 1960, har a tsibirin Barbados da ke ƙetaren teku, inda ake auna ƙurar Afirka tun 1965, an ga ta ninka a shekarun farin. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itace a gonakinsu, kuma gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya suna cikin wuraren da aka fi ambata a duniya wajen dawowar gawo. Wannan abin alfahari ne ga mutanen Gouna da maƙwabtansu. Amma yaron yau yana da nasa ƙarin: ajin zana da iska ke ratsawa, ƙurar alli, hayaƙin babura, maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe, da turaren wuta da iyayenmu mata ba sa wasa da shi. Shekarar karatu kuma daga Oktoba zuwa Yuni take, wato ta haɗiye hunturu gaba ɗaya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ƙura ita kaɗai ba ta haifar da wannan ciwo, in ba haka ba da duk Damagaram ta kamu. A Turai ma, inda babu hazo, wani babban bincike da aka buga a 2011 ya samu kusan mutum ɗaya cikin goma yana da alamunsa. Akwai alaji, akwai yanayin garkuwar jikin mutum, akwai asma da ke yawan tafiya tare da shi, akwai ruɓaɓɓen turmin haƙori na sama wanda saiwarsa ke dab da kogon kumatu. Ga yara kuma sau da yawa tushen matsalar wani nama ne a bayan hanci da ke kumbura ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. A Sudan, ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, likitoci sun bayyana tun ƙarshen shekarun 1960 wani nau'in da fumfuna ke haddasawa, irin fumfunar nan da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba. Ƙura da hayaƙi dai su ne masu fama ciwon kullum, su hana shi warkewa.

Me ke faruwa a ciki? Tantanin hanci da na kogwanni a lulluɓe yake da wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa guda, duk fuska ɗaya. A kansu akwai siririyar shimfiɗar majina mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Gashin suna tura ta sannu a hankali zuwa maƙogwaro mu haɗiye ba mu sani ba, kimanin lita guda a yini. Masu shara ne da ba sa hutu. Wani likita a birnin Graz na Ostiriya, Walter Messerklinger, ya shafe shekaru yana kallon wannan tafiya da siririn madubi mai fitila, har a jikin waɗanda ba su daɗe da rasuwa ba, domin gashin kan ci gaba da kaɗawa na wani lokaci bayan rai ya fita. Ya ga cewa majinar kowane kogo tana da hanyarta da ba ta canzawa, kullum kafar asali take nufa, ko da hawa za ta yi, ko da likita ya huda mata wata ƙofa a ƙasa. Littafinsa ya fito a 1978. Kafin nan aikin da aka saba, wanda Caldwell na Amurka ya bayyana a 1893 da Luc na Faransa a 1897, shi ne a fasa ƙashi ta ƙarƙashin leɓen sama a kankare tantanin duka. Bayan Messerklinger aka koma buɗe kafar asali kawai, a bar tantanin ya farfaɗo. Tun wajen 1985 wannan ce hanyar da ta yaɗu a duniya.

Idan kumburi ya daɗe, tantanin da kansa yake sauya kama. Da farko ya sha ruwa ya kumbura, ƴar kafar nan ta toshe, majina ta kwanta a kogo. Gashin sharar su fara kakkaryewa suna zubewa. Ƙwayoyin da ke yin majina su ƙaru, majinar ta yi kauri, ga aiki ya yi yawa ga masu shara sun ragu. A wasu wuraren jiki kan gaji ya maye tantanin mai gashi da wani mai tauri marar gashi, kamar yadda tafin hannun manomi ke yin kanta saboda ƙotar hauya. Kanta tana da amfani a hannu, amma a hanci ba ta shara. Ƙarƙashin tantanin ma kan yi kauri ya yi tabo. Ga wasu mutane naman da ya sha ruwa yakan zazzago ya rataya kamar ƴaƴan inabi da aka ɓare, shi ne basir ɗin hancin da Ibn Sina ya faɗa. A mafi tsanani har ƙashin bangon kogon yakan yi kauri. Kumburin farko yana sauka da magani. Tabo da kaurin ƙashi kuwa ba sa komawa yadda suke cikin sauƙi. Wani bincike na Ingila da aka buga a 2015 ya nuna waɗanda suka haura shekara biyar da ciwon kafin a yi musu aiki ba su samu sauƙin da waɗanda aka yi wa cikin shekarar farko suka samu ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da fassararsa a rayuwar mutum. Toshewa tana tilasta numfashi ta baki, baki ya bushe, a yi ta minshari, barci ya yi ta yankewa, a wayi gari a gajiye. Majinar da ke gangarawa ta baya tana kawo tarin dare da warin baki. Wurin jin ƙamshi a can rufin hanci yake, ɗan lungu ne, in kumburi ko tsiro ya tare shi sai ƙamshi ya tafi, ɗanɗanon abinci ya bi shi. Uwar da ba ta jin ƙamshi ba ta sanin tuwo ya kama, ba ta sanin miya ta lalace, kuma yanzu da tukunyar gas ke shiga gidaje tun bayan buɗe matatar SORAZ a 2011, ba ta sanin gas yana yoyo. Ga yaro kuma, naman nan na bayan hanci yana kusa da bututun da ke kai iska cikin kunne. In ya toshe sai ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu. Yaron da malam ke cewa ba ya saurare, mai yiwuwa da gaske ba ya ji sosai.

An daɗe kafin likitanci ya yarda cewa waɗannan abubuwa ma abin aunawa ne. Tun 1948 tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce lafiya ta wuce rashin cuta kawai, amma sai a 1995 wasu likitoci biyu a Boston, Gliklich da Metson, suka ba masu wannan ciwo takardar tambayoyin da ake ba sauran marasa lafiya. Sakamakon ya ba mutane mamaki: ta fuskar ciwon jiki da iya cuɗanya da jama'a, masu ciwon kogon hanci sun fi masu ciwon zuciya da masu daɗaɗɗen ciwon huhu kokawa. Yau akwai takarda mai tambaya 22 da ake kira SNOT-22, kuma kusan rabin tambayoyin ba su shafi hanci ba. Suna tambaya ne kan barci, gajiya, tattara hankali, ɓacin rai, baƙin ciki, da jin kunya. Duk lokacin da na karanta jerin nan, Sakin-baki nake gani a bencin baya. Wani abin da aka gano kuma shi ne, abin da hoton sikana ya nuna bai cika dacewa da yawan wahalar da mutum ke sha ba. Wani hotonsa ya yi muni yana harkokinsa, wani hotonsa da sauƙi amma rayuwa ta yi masa ƙunci. Saboda haka maganar marar lafiya da ta waɗanda ke zaune da shi hujja ce, ba ƙorafi ba.

A nan ne nake ganin tarihi ya bar mana giɓi. Ɗakunan shan magani na ƙauye da aka yawaita ginawa daga 2001, da cibiyoyin CSI, sun kusanto da magani. Tun 2006 kuma doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ɗan makaranta ya wuce wannan shekaru, kuma ba ya kwance, don haka ba wanda zai biya masa kuɗin mota zuwa wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram saboda majina. Abin da ke cike giɓin shi ne mai tallan magani a ranar kasuwa. A sayi kafso huɗu a sha, majina ta ɗan tsinke, a bari, bayan wata guda a sake. A sayi maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, wanda bai kamata a wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi ba, domin bayan nan shi da kansa yake kumbura hancin, mutum ya zama ba ya iya barci sai da shi. Man shafawa mai sanyin nan kuwa, jin buɗewa kawai yake sa wa, ba ya ƙara faɗin hanyar iska ko kaɗan.

Abin da likitoci ke farawa da shi ya fi duk waɗannan araha: wanke hanci da ruwan gishiri, sai maganin fesawa mai kwantar da kumburi wanda ake bi kullum har makonni, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Ruwan a tafasa shi a bar shi ya huce, rabin lita a sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe. Mu da muke shaƙa ruwa a alwala tun muna yara, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sai dai a nemi ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake yi wa yaro. A rage hayaƙi a ɗakin kwana. Ranar hazo a ɗaura wa yaro ƙyalle a hanci, a yayyafa ruwa kafin a share aji, a goge allo da jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: kumburi ko ja a kewayen ido, gani biyu-biyu, matsanancin ciwon kai da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya. Majina mai wari ta kafar hanci ɗaya tak a ƙaramin yaro kuwa, a fara zargin ƙwayar wake ko gyaɗa ko dutsen ado da ya cusa, kuma kada a sa tsinke a gida.

Shi dai yaron nan, sai da wani kawunsa da ke aiki a birni ya zo hutu ya ji irin minsharinsa da dare, sannan aka kai shi asibiti. Aka ce naman bayan hanci ne, ga ruwa a kunnuwa biyu. An yi masa aiki, ya dawo yana rufe baki, muryarsa ta washe. Amma a lokacin ya riga ya maimaita aji sau biyu, ya fi kowa tsawo a ajin, ƴan uwansa sun wuce kwaleji, kuma sunan da aka laƙaba masa bai bi naman ya fita ba. Bai ƙarasa shekarar ba ya bi ƴan ci-rani zuwa Kano.

Tun daga lokacin nake ajiye wani shafi a bayan rajistar kiran suna. Duk yaron da na gani da toshewar hanci ko baki a sake a makon farko na Nuwamba sai in rubuta sunansa da kwanan wata, in riƙa dubawa duk ranar Litinin. Wanda ya kai mako na goma sha biyu, ranar nan nake zuwa gidansu bayan la'asar in zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa, in tambaye su yadda yake barci. A bara suna bakwai na rubuta. Huɗu sun warke kafin Disamba ta ƙare, uku kuma na je gidajensu a farkon Fabrairu.